Kifin Teku a Ɗakin Malam

Ni dai ban taɓa roƙon Allah ya ba ni kifin ado ba. Kifin da na sani shi ne wanda ake kamowa a dam ɗin Bakolori, a kawo shi kasuwar Mafara ran Talata, in wanke shi da lemon tsami in jefa a mai. Amma da Malam, wato maigidana, ya ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas muka dawo gida, abin da ya fi lallaɓawa a kayanmu duka shi ne akwatin gilashi na kifayen teku. Kujeruna sun karye a hanya, bai ko dube su ba. Akwatin kuwa da bargunana ya naɗe shi, kifayen kuma a leda cikin kula, kular a kan cinyarsa har muka iso.

Akwai wani shuɗi, akwai wani rawaya, sai wasu ƙanana masu ruwan lemo da farar ɗamara a ciki. Ko cokali ɗaya na miya ba za su yi ba. Saboda su aka sa sola a gidan nan. Ni da nake fifita da mafici a zafin Mafara ba a sa mini ba, sai da aka ce injin da ke kaɗa wa kifi ruwa ba ya son a ɗauke wuta. Na faɗa masa wannan maganar ba sau ɗaya ba, shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da goge gilashinsa.

Wata safiya yana alwala hawan jini ya buge shi. Da muka dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, hannun daman kuma yana kwance a kan cinyarsa duk inda aka ajiye shi. To Malam mutum ne mai taurin kai tun yana da lafiya, ciwo bai rage masa komai ba. Ya ƙi cin abinci da hagu. Limamin unguwarmu ya zo har ɗaki ya ce masa lalura ce, babu laifi, ya kawar da kai. Ni nake ba shi a baki. In maza sun zo gaishe shi ba ya miƙa musu hagu, sai dai ya gyaɗa kai. Mai gasa masa jiki ya kawo masa ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa da hannun da ya mutu, Malam ya ɗauke ta da hagu ya wurga tsakar gida, har ta faɗa randa. Abu ɗaya yake so, a zaunar da shi a kujerarsa kusa da akwatin nan, ya wuni yana kallon kifi. Ko su ɗin ma bai ƙara ba su abinci ba, don a wurinsa ba a miƙa wa mai rai abinci da hagu, ko da kifi ne.

Haka kifi suka faɗo a kaina. Babbar 'yarmu, wadda ba na kama sunanta, tana aiki a Legas, ita ta riƙa koya mini ta waya. Ta aiko mini da gishirin teku ta motar kasuwa, da wata 'yar kwalba siririya da magungunan ɗigawa. Ta ce in ɗebi ruwan akwatin a kwalbar, in ɗiga maganin, in girgiza, in jira. In ya yi rawaya lafiya lau. In ya yi ruwan lemo a fara hattara. In ya yi ja kuwa to akwai matsala. Na ce to, na jefa kayan a cikin kwabet na manta da su, don ina da majinyaci a gabana.

Ban tuna da kwalbar ba sai da gansakuka ta fara rufe duwatsun da ke cikin akwatin, in goge gilashi yau gobe ya sake yin kore. Sai wata safiya na tarar da rawayan nan a kwance a kan yashi. Na yi niyyar tsame shi kafin a fito da Malam, ban yi sauri ba, ya gani. Ya sa aka mayar da shi gado, ya juya fuskarsa bango, na kai masa koko ya datse baki. Na kai tuwo, haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko a jikinsa. Sai da na rantse masa cewa shuɗin yana nan da ransa sannan ya karɓi 'yan cokula. A ranar na tsorata ƙwarai, don na gane in shuɗin nan ya bi rawayan, Malam ba zai ƙara buɗe baki ya karɓi abinci ba.

Na tono kwalbar na gwada. Ja wur, kamar zoɓo.

Na kira yarinyar nan ina faɗa tun kafin ta gama gaishe ni. Ta ce, "Inna, ki kwantar da hankali. Naitiret ne ya yi yawa." Na ce mene ne kuma naitiret, ni da ban gama da hawan jini ba? Ta ce wani abu ne da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe, ido ba ya ganinsa, dangin abin da ke cikin takin zamani ne. Gansakuka tana jin daɗinsa, kifi kuwa yana galabaitar da su a hankali. Maganinsa a riƙa kwashe wani kaso na ruwan ana zuba sabo mai tsabta da aka haɗa da gishirin teku, a zuƙe dattin da ke cikin yashi da tiyo, a wanke soson injin, sannan a rage musu abinci sosai. Ta nanata wannan na ƙarshen. Ta ce ɗan abin da za su cinye nan take kawai, kada ƙwaya ta kai ƙasa.

Ana cikin haka ƙanen Malam ya zo daga Dakko, can Bakura, inda yake noman shinkafa. Akwai wasa tsakanina da shi, bakinsa kuma ba ya shiru. Ya same ni tsugune gaban bokiti ina auna gishiri kamar mai haɗa magani, ina ƙorafin ya kusa ƙarewa.

"Matar yaya, gishiri kika nema kike wahala haka? Ai buhu-buhu gare ni a sito."

Na yi murna, na ce ashe ana samunsa a nan kusa. Washegari sai ga shi da rabin buhu a bayan mashin. Ina buɗewa wari ya bugi hancina. Takin yuriya ne, wanda manomanmu ke kira gishiri, wanda yake watsa wa shinkafarsa.

Na ce, "Kai, Allah ya shirye ka! Abin da nake yaƙi da shi ka ɗauko mini a buhu?"

Ya ce, "To ke kika ce gishiri. Shinkafa tana sha ta yi kyau, kihi mi ya fi ta?"

Da ya ga raina ya ɓaci da gaske, sai ya ce zai wanke laifinsa da ruwa. Ya kawo jarkoki daga rijiyar gonarsa, yana rantsuwa babu ruwa mai daɗinsa daga Bakura har Maradun. Ruwan kam garau yake. Allah ne ya sa na ce bari in gwada shi a kwalba kafin in zuba. Ruwan da ko inuwar kifi bai taɓa gani ba ya yi ruwan lemo mai duhu a hannuna. Takin da suke zuba wa gonaki ya tsiyaye ya shiga rijiyar. Na gwada na rijiyar gidanmu, shi ma bai fita ba. Mutumin nan ya tsaya yana kallon kwalba, ya ce shi dai yana sha bai mutu ba.

Ƙarshenta sai fiya wata, shi kaɗai ya ba ni rawaya. Duk wanda bai taɓa cika bokiti da ledar fiya wata ba bai san baƙin ciki ba. In zauna a kan tabarma da almakashi, in yanka, in matse, in jefar, har yatsuna su yi yaushi, bayana ya riƙe. Maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko walima za a yi. Sannan in zuba gishirin teku in dama, in bar shi ya kwana, in zuƙi tiyo da bakina don ruwan akwatin ya fara gangarowa. Na sha ruwan kashin kifi a bakin nan nawa har na daina tofarwa da sauri. Malam yana kujerarsa yana kallona, wani lokaci in ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa, in ce masa, "Yi dariyarka, ai kai ka jawo mini."

Jan ya fara sauka. Sai na lura da wani abu, duk ranar Laraba in na gwada sai in ga ya koma inda yake. Na yi ta tunani har na gano Talata ce. Ran Talata kasuwa ke ci, duk dangin Malam na Maradun da Kaya da Damaga in sun shigo cin kasuwa sai sun biyo dubiya. Ɗakin ya cika, ni kuma ina madafa ina fama da abincin baƙi.

Talatar da ta biyo na laɓe a bakin ƙofa. Yayar Malam ce, wadda ke aure a Maradun, tsohuwa mai tsoron Allah da kaifin baki. Na gan ta da idona ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙuli-ƙuli, ta murmushe shi a tafin hannu, ta ɗaga murfin akwatin ta yi bisimilla ta watsa. Wata da suka zo tare ta gutsuro 'yar masar da ta sayo a kasuwa ta jefa. Kifayen nan, marasa kunya, suka taso sama suna buɗe baki.

Na shigo na ce, "Yaya! Don girman Allah me kike yi?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Mi nika yi? Abinci nika ba bayin Allah. Duba bakinsu, roƙo sukai. Kin tsare dabba cikin gilashi, ba ta iya fita ta nema, kin bar ta da yunwa. Alhakin wanga abu bisa wuyan wa? Ga maras lafiya kwance cikin gida, maimakon ki yawaita sadaka sai ki ɗauko alhakin kihi ki aza mai?"

Na ce ƙoshi ne ke kashe su, ba yunwa ba. Na ɗauko kwalba na gwada a gabanta, na nuna mata jan. Ta karɓa ta ɗaga sama ta duba, ta miƙo mini ta ce ita ba ta ga komai ba sai ruwa mai kala, kuma tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin abin da ƙoshi ya kashe a ƙasar nan ba. Sauran matan suka ce wallahi gaskiya ne. Ɗaya ta ce zaman Legas ne ya busar mini da zuciya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san ba mugunta ba ce. Ni ma haka aka rene ni. In kana cin abinci kaza ta tsaya tana kallonka sai ka jefa mata, in ka ɗaure akuya sai ka tabbatar ta ci kafin ka ci. Kifin nan kuwa duk wanda ya matso kusa da gilashi sai su taso su yi ta motsa baki, ko yanzu suka gama ci. Babu Bamafaren da zai ga haka ya iya daurewa. Amma ni ce mai yanka leda, don haka na rufe ido na kafa doka. Na ɗaure murfin akwatin da igiya, na bar 'yar ƙaramar kafar da ake zuba abinci kawai. Ran Talata na daina shiga madafa, na zauna a ɗakin na tsare kamar mai gadi. Gwangwanin abincin kifin kuma, wanda a da yake kan taga kowa na iya ɗauka, na nema masa wurin da babu mai kai hannu. Na ajiye shi a kan ɗan teburin da ke tsakanin kujerar Malam da akwatin, ta ɓangarensa na dama. Na san babu baƙon da zai tsallaka jikin majinyaci ya ɗauki abu, shi kuma ɓangaren nan nasa ba ya motsi.

Yaya ta yi fushi ta daina zuwa. Aka kai ƙarata wurin dangi cewa na hana a yi wa ɗan'uwansu sadaka. Na ce a kai har gaban alƙali.

Sati ya zagayo, na gwada. Ja. Na sake canja ruwa, na wanke soso, na zuƙe yashi, na rage abincin har ni kaina na fara jin tsoron alhakin da Yaya ta ambata. Na gwada. Ja. Shuɗin ya fara ɓuya a bayan dutse, launinsa ya dusashe, numfashinsa ya yi sauri. Na kira Legas na ce wa yarinyar nan maganin ɗigawarta ya lalace. Ta ce, "Inna, wani yana ba su abinci." Na ce babu kowa a gidan nan sai ni da ubanki, ko aljanu kike so in tuhuma? Na kashe wayar ina huci.

Amma maganar ta zauna mini. Na girgiza gwangwanin na ji ya yi sauƙi fiye da yadda ya kamata. Kuma kullum in na zo shara sai in ga kiyashi sun yi layi a ƙarƙashin teburin, suna jan 'yan ƙwayoyin abincin kifi. Na zargi maƙwabciyata da ke shigowa aron turmi. Na zargi mai gasa wa Malam jiki. Har limamin ban bari ba a zuciyata, Allah ya yafe mini. Wallahi a kwanakin nan ko sallama aka yi sai in ji raina ya ɓaci.

Kullum bayan azahar nakan bar Malam a kujerarsa in je in ɗan miƙe bayana. Ran nan zafi ya hana ni barci, na taso in duba ko fankar da ke hura wa ruwan kifin iska tana juyawa. Ban sa takalmi ba. Ina isa bakin ƙofa na ji wani nishi, irin na mai ɗaga kaya mai nauyi. Na ɗauka ciwon ne ya dawo. Na ɗaga labule a hankali.

Malam ne. Ya cusa hannunsa na hagu a ƙarƙashin cinyarsa ya danne shi. Hannun daman, wanda nake ɗagawa in wanke in ajiye kamar ba nasa ba, yana cikin gwangwani. Yatsu biyu sun kama 'yan ƙwayoyi. Ya fara ɗago shi yana rawa, gumi na zuba daga goshinsa har gemu. Bai kai rabi ba yatsun suka saki, ƙwayoyin suka watse a ƙasa. Ya rufe ido ya huta. Ya sake mayar da hannun. Ina tsaye ban san sau nawa ya yi ba, na dai ga tabarma ta cika da ƙwayoyi. Can hannun ya kai bakin akwatin, ya jingina shi da gilashi, ya ja shi har kan kafar nan, ya saki. Abincin da ya zuba ya ninka abin da nake ba su a yini. Kifayen suka taso, har shuɗin ya fito daga bayan dutsensa.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Malam! Ashe kai ne? Ni ina can ina yanka leda har yatsuna sun mutu, na ɓata da 'yar'uwarka, na zargi unguwa duka, ashe ɓarawon yana zaune a kujera ina ba shi koko a baki?"

Ya juyo ya dube ni, yana haki. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma na tsaya da hannu a ƙugu ina jiran in ji abin da zai kare kansa da shi.

Ya ce, "Da… dama."

Na ce, "Me?"

Ya ɗaga hannun daga kan gilashin, ya nuna mini shi. "Da dama… na ba su."

Na zauna a ƙasa a kan ƙwayoyin da kiyashin, na kama hannun nan na riƙe, na ji yatsunsa sun ɗan matse nawa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Ina kukan ina ce masa ai sai ka kashe su da daman, tunda abin da ka iya ke nan. Shi kuwa gefen bakinsa sai motsi yake.

Ban ɗauke gwangwanin daga wurin ba. Abin da na yi, na daina ba su abinci ni kaina. Kullum da safe nakan juye gwangwanin in bar ɗan abin da ya dace a ciki, in ƙara kaɗan saboda rabon kiyashi, in ya ƙare ya ƙare. Ya yi mini ƙorafi da ido, na ce ko ka harare ni har gobe ba ƙari. Ruwa kuwa na ci gaba da canjawa, ina yanka leda ina mita. A hankali kwalbar ta sauko ruwan lemo mai haske. Ba ta taɓa yin rawayan da yarinyar nan take so ba, don wani lokaci in na juya baya Malam yakan sa ƙanensa ya ƙara masa a gwangwani, su biyun suna tsammanin ban sani ba. Shuɗin dai ya warware, yana nan har yau, ya fi kowa haɗama.

Yaya ta dawo da kanta wata Talata, ta shigo tana ɗaure da fuska, ƙuli-ƙulinta a bakin zane. Ban ba ta haƙuri ba, don ƙuli-ƙulin nan da idona na ga ta zuba. Na kawo tuwo na ajiye a gaban Malam, na ɗauko cokalin da nake ba shi da shi. Ya ture cokalin. Ya sa hannun dama a kwano ya yanko loma, rabinta ta faɗi a kan rigar da na wanke jiya, rabin ya kai baki. Yaya ta saki bakin zanenta, ƙuli-ƙuli ya zube a tabarma, ta yi ta salati tana share hawaye.

Na ce masa, "Ci a hankali, Malam. Ni ce dai mai wankin."